Sandar Saiti a Turmin Goggo Talatu

Ku da kuke taruwa a ƙofar gidana da yamma kuna nuna mini bidiyo a waya, wai ga wani can ya saita injin jirgin ruwa kafin shayinsa ya huce, ku gyara zama. Ranar nan ɗayanku ya dube ni ya ce, "Baba Bala, ai aikinku ba wuya, sanda ce kawai a zura a zare." Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Gaskiyarsa, a zura a zare ne. Haihuwa ma in ka tambayi wanda yake zaune a zaure, shiga ɗaki ce a fito da jariri.

Jiragen da nake gyarawa a Abhur, can arewacin Jidda inda masu hali suke ajiye na shaƙatawarsu, ba irin kwale-kwalen garinmu Yawuri ba ne da ake rataya wa inji a gindi, in an dawo a saɓa shi a kafaɗa a kai gida. Waɗannan injinsu kamar na mota yake, a zaune a can cikin jirgi. Abin da yake juya farfela kuma yana waje, manne da bangon baya, muna ce masa ƙafa. Tsakanin inji da ƙafa akwai ƙarfe guda mai haƙora da yake ratsa bangon, ya bi ta cikin boris, ya shige wani kwami mai haƙora a bayan injin. Kwamin nan shi ne kublin, ƙarfe a tsakiya, roba a kewaye. In inji da ƙafa suna fuskantar juna sak, jirgi zai shekara yana gudu ba ka ji ƙorafinsa ba. In inji ya sunkuyar da kai ko ya ɗaga da kaurin farce, haƙoran nan za su riƙa cin juna a hankali. Ranar da za su cinye kuwa ba a bakin gaɓa suke yi ba. Inji zai yi ta ihu, farfela tana tsaye cak, kai da baƙinka kuna tsakiyar Bahar Maliya ana kallon-kallo.

Shi ya sa duk ranar da aka ɗaga inji aka mayar, ko da kuwa tsinke aka ciro a ƙarƙashinsa, sai an sake saiti. Ana cire ƙafa a ajiye gefe, a ɗauko sandar saiti. Ƙarfe ce mai nauyi, tsawon kamu ɗaya da ɗoriya, gindinta da kauri, bakinta siriri daidai ramin kublin. Ka shafa wa bakin giris, ka zura ta boris, ka tura da yatsu biyu. Yatsu biyu na ce, ba tafin hannu ba, ba gwiwa ba, ba kuma guduma ba. In ta shige har ƙarshe ta fito ba gardama, ka duba zanen da haƙoran suka bari a jikin giris. In zanen ya zagaye ta daidai, ka yi hamdala. In ya yi zurfi a sama ko a ƙasa, sai ka shiga ramin inji ka juya notocin kujerun gaba da injin yake zaune a kansu, dama da hagu daidai wa daida, ka fito ka sake zurawa. Haka za ka yi ta shiga da fita, a zafin Jidda, har rigarka ta zama abin matsewa.

Wanda ya koya mini, Mu'allim Haruna, haifaffen unguwar Hindawiyya ne a Jidda. Kakansa ne ya zo hajji da ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce, zaginsa kuwa cikakke ne a duka harsunan biyu. Na zo masa da taƙamar na san injin kwale-kwale tun ina yaro, ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗaure mini ido da tsumma. Sai ya kai ni bayan jirgi ya ce in zura sanda in gaya masa abin da na ji. Na ce ban ji komai ba. Ya ce, "Ɗayyib, to sai ka ji za ka taɓa sufana." Na daɗe a haka, yana lalata saiti da gangan yana sa ni lalube, in na sa tafin hannu ya make ni da tiyo. Rannan kawai na ji sandar ta ɗan gogi sama kafin ta shige, na faɗa masa. Bai ce na yi daidai ba, amma ya aika aka sayo mini shayi mai madara.

Da gwiwa ta hana shi shiga ramin inji, sai ya ba ni sandarsa. Wani mai feƙe ƙarfe a unguwar Karantina ne ya yi masa ita tun yana saurayi, ta yi santsi ta yi sheƙi saboda hannu. Ba na barinta a warsha, wato garejinmu, don a can kaya ƙafa suke yi. Gida nake kai ta, in naɗe ta a tsohon zanen matata Zainabu, in rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ba a kwantar da ita a ɗora mata kaya, ba a jingina ta, ba a kuma ba da aronta. Ka je kowace warsha a Abhur ka ce a ara maka sandar saiti, za a kawo maka kujera da gahawa, a tambaye ka iyali, a raka ka har bakin titi hannu wofi.

Masu jirage kuwa, Allah ya bar mu da su. Akwai wanda zai hau kan dutsen murjani da gudu, ƙafar jirgi ta karkace, ya zo yana rantsuwa shi bai taɓa komai ba, alhali ga gutsuren dutsen a maƙale a farfela. Akwai wanda zai tsaya a kanka da agogo, wai ya gayyaci abokai kamun kifi, ka bar wannan shafe-shafen giris ka ɗaure masa ƙafa ya tafi. Wani ya taɓa kai jirginsa wajen mai saurin hannu, ƙafa ta ƙi shiga, aka ja ta da ƙarfin noti har ta zauna. Ya kwashi surukansa zuwa yawon teku. Da la'asar aka jawo su da igiya, surukar tana riƙe da bokiti, shi kuma ya rasa inda zai sa idonsa. Washegari ya zo mini da ladabi kamar mai neman aure.

Duk wannan wasa ne in aka kwatanta da shekarar da aka rushe Karantina. A can nake zaune tun zuwana, a can aka haifi 'ya'yana uku. Dama tun annobar da ta rufe gari aiki ya ja baya, masu jirage sun lulluɓe su da tamfol sun manta da mu. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, Abu Nasir, mutum ne da ba ya ɓoye abin da ke ransa. Ya kira ni ya ce yana tunanin rufe ɓangaren inji ya mayar da wajen na wankin jirage, mai wanki kuwa ba ya buƙatar makaniki. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, tana dab da ƙarewa, ta iyalina kuma a rataye take da tawa. In bai sabunta ba, sai fita ta ƙarshe, ni da Zainabu da yaran da ba su taɓa ganin Yawuri ba sai a waya.

Ana cikin haka sai ga Kaftin Usama. Shi ma jikan mahajjata ne, ɗan Jidda, yana da jiragen haya da yake kai mutane yawo da kamun kifi. Makanikinsa ya koma ƙasarsu, yana neman inda zai mayar da gyaransa gaba ɗaya. Ya jawo mana guda a tirela, wanda ruwan gishiri ya shiga injinsa.

"Ya ammi, wannan gwaji ne," in ji shi. "Ranar Alhamis zan sa shi a ruwa, ni zan tuƙa. In ya yi, kullu jiragena naka ne. In bai yi ba, halas, babu ɓacin rai."

Abu Nasir ya ja ni gefe ya ce maganar a fili take. In jiragen Kaftin suka shigo, ɓangaren inji ya rayu, iƙama ta sabuntu. In ba su shigo ba, in fara ɗaure kaya.

Kayan ma an riga an fara ɗaure su, don a makon ne aka shafa wa bangon gidanmu jan fenti aka ce mu tashi. Ranar tashin ina warsha na rataye injin Kaftin a sarƙa, ba halin in bar shi. Zainabu ce ta kwashe mana kaya da taimakon maƙwabta, aka haɗa na gida uku a 'yar motar ɗaukar kaya guda, aka yi ta sauke kowa a inda Allah ya jefa shi. Mu muka sami ɗaki biyu a Waziriyya. Na wanke injin nan ciki da waje, na canza abin canzawa, na mayar da shi kan kujerunsa ranar Talata. Da na koma gida na miƙa hannu bayan ƙofa, sai na tuna ba wannan ƙofar ba ce.

"Zainabu, ina sandata?"

"Wace sanda, Baban Amal?"

"Ta cikin zanenki mai ruwan goro."

Ta ce ta haɗa ta da muciya da ludaya da tabarya, duk abin da yake dogo ta ɗaure shi wuri guda. Muka kwance ƙunshin. Ga muciya, ga ludaya, ga tsintsiya har biyu, ɗaya ma ba tamu ba ce. Sanda babu. Muka juye kowane kwali a gidan, har na leƙa cikin tukunyar tuwo, don hankalina ya riga ya bar jikina. Na nemi mai feƙe ƙarfe, aka ce shagonsa ma ya tafi, injinansa suna jibge a wani fili ba wuta. Sabuwa kuwa sai an yi odarta daga waje, kafin ta iso ni na isa Yawuri. In kuma na bi warsha-warsha ina roƙo, kafin azahar labari ya kai kunnen Kaftin cewa makanikin da zai damƙa wa jiragensa ko sanda ba shi da ita.

Da safiyar Laraba ina zaune na rafka tagumi, sai na ji Zainabu tana waya da wata ƙawarta. Can ta fashe da dariya har ta zame ta zauna a ƙasa. Na ce wannan wace irin mata ce, ana maganar fita ta ƙarshe tana ƙyaƙyatawa. Da ƙyar ta iya magana.

"Baban Amal, wai yajin Goggo Talatu ya yi laushi kwana biyun nan, kowa yana yabawa. Wai ta ce Allah ne ya ba ta tabaryar ƙarfe a cikin kayan tashi."

Goggo Talatu tsohuwa ce mai sayar da yaji da daddawa, maƙwabciyarmu a Karantina. Lokacin da na zo ƙasar nan ba ni da takarda ba ni da kowa, ita ta ciyar da ni. Ranar da aka zo kame, ita ta tura ni bayan buhunan gero ta zauna a kai tana tsince wake. Mutum irin wannan ba ka shiga gidanta ka ce ba ni kayana. Na sayi goro da 'yar dabino, na nufi inda aka ce ta sauka, can ƙarshen Waziriyya. Ban tambayi kowa gidan ba. Tun daga bakin lungu nake jin ƙarar, ba irin ta itace ba, wata ƙara mai zaƙi da ta bi ta haƙorana.

Na same ta a tsakar gida da mata huɗu ko biyar, ta sa ɗan turminta a tsakanin ƙafafu, ta riƙe sandar Mu'allim Haruna ta siririn baki tana kirɓa citta da gindin. Na durƙusa na gaishe ta. Muka yi gaisuwar tashi, ta gidan da aka bari, ta wanda ya tafi Makka da wanda ya koma gida, idona yana kan turmi, duk saukar sanda sai na ƙifta.

"Goggo, wannan tabaryar," na ce da ita a hankali, "kamar na san ta."

"Ka san ta? Ai baiwa ce daga Allah, Bala. Tawa ta itace ta tsage a hanya. Wannan kuwa bugu ɗaya citta ta zama gari. Ka ga ƙofar can ta ƙarfe? Da muka zo a cije take, maza uku suka kasa. Na zura bakin nan na danna da ƙafa, sai ga ta a buɗe."

Na yi mata bayani tiryan-tiryan, na kublin da boris da iƙama. Ta saurara da kyau, ta ce ita ba ta ga abin da ya haɗa tabarya da jirgin ruwa ba, amma tunda maganar yara ce, ba za ta hana ni ba. Sai dai ta yi alkawarin yajin suna gobe, ga barkono ga citta ga masoro a faranti, hannunta kuma ya gaji.

"Ka dake mini wannan, ka ɗauki abarka."

Haka na tuɓe agogo na zauna a kan kujerar tsakar gida, da furfurata da komai, ina daka yaji da sandar da ko jingina ta ba na yi. Ina ɗaga ta kaɗan, in sauke ta a hankali, ina ba ta haƙuri a zuci. Matan suka bar abin da suke yi suka kewaye ni. Wata ta ce, "Malam Bala, tausa kake yi wa barkonon?" Wata ta ce a kira Zainabu ta zo ta ga abin da take da shi a gida ba ta sani ba. Wata ta fara tafa mini hannu irin na lugude. Ina atishawa, suna shewa, Goggo tana ɗanɗanawa tana cewa da saura. Ni ma daga baya dariyar ta kama ni, don in ban yi dariya ba kuka zan yi. Da na gama ta ƙulla mini yajin a leda, ta sa mini albarka, ta ce in an gama da jirgin in dawo mata da tabaryarta.

Ina isa warsha na wanke sandar da fetur, na goge bakin da takardar yashi mafi laushi inda ƙofa ta cije shi. Sannan na shiga ofishin Abu Nasir, na kwashe kayan da ke kan teburinsa na gilashi, na gangara ta a kai na sa ido a gefe. Tana juyawa, haske yana leƙowa ta ƙarƙashinta yana ɓacewa. Ta lanƙwashe. Ba da yawa ba, wanda bai san ta ba zai rantse a miƙe take, amma a aikinmu wannan kaɗan ɗin shi ne aikin gaba ɗaya.

A nan ne abin da bidiyonku ba ya nunawa ya shigo. Lanƙwasasshiyar sanda ƙarya take yi, amma ƙaryarta guda ce, kullum ta ɓangare ɗaya. Na ɗiga farin fenti a gindinta, daidai inda ta karkata. Na zura ɗigon yana sama, na zare na duba zane. Na goge, na sake shafa giris, na zura ɗigon yana ƙasa. Haka dama, haka hagu. Zanen da ya bi ɗigo duk inda ya je, wannan na sanda ne, ba ruwana da shi. Wanda ya tsaya wuri guda ko ina ɗigo ya koma, wannan na inji ne, shi zan gyara. Abin da nake nema shi ne sandar ta gogi kublin da nauyi iri ɗaya ta kowace fuska. Aikin da na saba yi sau ɗaya ya zama sau huɗu a kowane juyin noti, sannan in juya injin da hannu in sake daga farko, don in tabbata shi kansa kublin ɗin ba a karkace yake ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne mariƙin sandar. Yana da 'yan zane-zane don kada ya zame, barkonon Goggo ya shige cikinsu ya yi zamansa, fetur bai fitar da shi ba. Ina cikin ramin inji da tsakar rana, gumi ya gangaro mini, na sa bayan hannu na share ido. Jama'a, na ga taurari da rana tsaka. Hawaye ya ɓalle, hanci ya ɓalle, ga sufana a hannu ba halin in saki noti a rabin juyi. Ina cikin haka Abu Nasir ya leƙo. Ya ga makanikinsa a durƙushe gaban inji yana kuka wiwi. Mutumin da bai taɓa tambayata ya gida ba ya dafa kafaɗata, ya ce kada in yi kuka, arziki na Allah ne, shi ma ba a son ransa ba ne. Na buɗe baki in ce barkono ne, atishawa ta riga ni. Ya tafi da sauri ya dawo da shayi da hannunsa. Na karɓa na sha, don irin wannan ba ta zuwa sau biyu.

Wajen la'asar zanen ya daidaita. Duk inda na juya ɗigo, yatsuna biyu suna jin gogar nan guda, ba ƙari ba ragi. Na ɗaure notoci, na sake gwadawa don ɗauri ma yana motsa inji. Sannan muka ɗago ƙafa muka saita ta a bakin rami. Wannan ita ce shaidar da ba ta karɓar cin hanci. Na ɗan juya farfela da hannu don haƙora su sami juna, na tura. Ta shige har bango da kanta, ba noti, ba guduma. Na zauna a ƙasa a bayan jirgin na yi ta dariya ni kaɗai, ido jawur.

Ranar Alhamis da hantsi aka sa shi a ruwa. Kaftin Usama ba tuƙin lallaɓawa yake yi ba. Muna fita daga mashigin Abhur ya danna masa wuta, ya karya dama, ya karya hagu, ya ɗaga ƙafa ya sauke, duk inda saiti marar kyau yake yin gurnani sai da ya kai shi. Ni kuwa na buɗe murfin inji na kwanta rub da ciki na zura kai. Kunnena yana neman gurnani, hancina yana neman ƙaurin roba, don kublin in yana shan wahala da wari yake fara faɗa. Ba gurnani. Ba ƙauri. Jirgi yana tafiya sumul, ruwa yana tsagewa a bayanmu fari fat. Can Kaftin ya rage wuta, ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya sa tafin hannu a bangon baya ya daɗe yana ji. Sai ya shaƙi iska, ya sake shaƙa.

"Ya ammi, wallahi ba girgiza ko kaɗan. Bas gaya mini, wane irin giris kake sawa? Ƙamshinsa kamar tsire."

Ledar yajin Goggo ce a aljihun rigar aikina, zafin inji ya tayar da ita. Na ce masa sirrin sana'a ne, ba a faɗa. Ya yi dariya ya ciro waya, a nan tsakiyar teku ya kira Abu Nasir ya ce a share fili, ranar Asabar zai fara turo sauran. Ban san lokacin da na miƙe tsaye a cikin jirgi ina rawa ba, ni da ban yi rawa a bikina ba. Kaftin yana cewa in zauna kada in faɗa ruwa ya rasa makaniki tun ba a fara ba. Muna dawowa Abu Nasir ya tare ni a bakin gaɓa ya ce mabruk, ya riga ya sa a fara sabunta iƙama. Kaftin kuma ya ciro wani ƙaton kifi a cikin ƙanƙara ya ce na yara ne.

Na shiga gida kafin magariba da kifi a hannu ina waƙar da ni ma ban san ta ba. Na ce, "Zainabu, kwance kayan nan, mun zauna." Ta rangaɗa guɗa, yaran maza biyu suka hau tsalle a kan katifa. Babbar, Amal, ita ce ta tsaya a bakin ƙofa. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai Larabci ya riga ta. Na tambaye ta lafiya.

"Baba, ni na haddace gaisuwa," in ji ta. "Ta Kaka. Mama ta koya mini, kullu. Yanzu wa zan gaya wa?"

Ashe tun da maganar fita ta taso, Zainabu take zaunar da ita tana koya mata yadda ake durƙusa wa tsohuwa a gaishe ta. Ashe kuma ta shaida wa ƙanwata a Yawuri cewa mai yiwuwa muna tafe. Ni duk ban sani ba, kaina yana cikin ramin inji. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, na kira ƙanwata na ce ta kai wa Inna waya. Amal ta durƙusa a kan tabarma kamar tsohuwar tana gabanta, ta riƙe wayar da hannu biyu. Ta ce ina wuni Kaka, ina gajiya, ya jiki, ya sanyi, mun same ku lafiya. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Muna jin Inna tana amsawa tana dariya, tana tambayar wace Balarabiya ce wannan. Sannan ta ce a ba ta ni.

"Bala, an ce kuna tafe. Na sa an yi wa ɗakin babanka sabon daɓe, an gyara rufin. Yaushe ne?"

Ina tsaye, kifin yana hannuna har lokacin, ruwansa yana ɗiga a ƙafata.

"Inna, aikin ne ya yi kyau," na ce. "An sabunta mini zama."

Har na zaci layin ya yanke. Can ta ce, "To madalla. Allah ya yi albarka, ya ƙara buɗi." Sannan ta ce in mayar wa yarinyar wayar, ta sake gaishe ta daga farko.